Don Allah a ina ake gwajin gubar dalma ga yara? Hankalina bai kwanta da yarona ba

Uwar_Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema musamman in akwai ma'aikatan lafiya anan. Yarona na biyu shekararsa biyu da wata bakwai, tun bayan yaye na kasa gane kansa. Baya cin abinci sai anyi da gaske, kullum yana riƙe ciki, kashi sai ya kwana uku baiyi ba in zaiyi kuma sai da kuka, ga rigima ba gaira ba dalili, kuma har yau maganarsa bata wuce mama da baba da ruwa ba alhali yayarsa tana kamarsa har labari take bani. Sau biyu muna zuwa asibiti, na farko akace maleriya ce akayi magani, na biyu akace jininsa yayi ƙasa aka bamu maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, ya ɗan warware sati biyu sai abu ya dawo.

Toh shekaranjiya ƙanina yazo hutu daga makaranta, yana zaune a zaure yaron na wasa a gabansa. Maigidana gyaran batir yake, na mota da na sola, shagonsa a jikin gidan yake ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da zaurenmu, kuma matattun batira in sun taru a zauren ake jibge su kafin masu saye suzo su kwasa. Sai ƙanina yaga yaron ya tsinci wani ɗan guntun ƙarfe mai ruwan toka yana tsotsa, ya fizge da sauri yace Yaya kinsan meye wannan kuwa, dalma ce fa, irin wadda ta kashe yara a Zamfara. Yace lallai mu kai shi a gwada jininsa. Wallahi tun daga ranar bacci ya ƙaurace min.

Abinda nakeson sani, a ina akeyin gwajin nan, me zance wa likita, kuma da gaske ne in ta shiga jikin yaro bata fita? Sannan ƙanin nawa yace har kwallin da kakarsu ke saka musu akwai dalma a ciki, wannan ma gaskiya ne? Kuma ta yaya zan tunkari maigida da maganar, da sana'ar nan muke ci muke sha, banaso yaga kamar na raina abinda yake yi.

Dan_Anka:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina karanta rubutunki jikina yayi sanyi don ni mutumin ƙasar Anka ne, abinda ƙanenki ya faɗi munga shi da idonmu a 2010, ba labari anka bamu ba.

Lokacin zinari yayi tsada, kowa ya koma haƙo dutse. Ana kawo dutsen cikin gari a buhu, a farfasa shi da guduma cikin gida, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi ya maida shi gari, a wanke, a shanya a tsakar gida inda ɗiya ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen nan cike yake da dalma. Farko agwagi sunka fara mutuwa ba wanda ya kula. Sannan ɗiya ƙanana sunka fara, amai, zazzaɓi, sai jijjiga, yaro ya sanƙare ido ya kafe, kwana biyu uku a kai shi makwanci. Wasu sunce sanƙarau ne wasu sunce iska ce, anka yi ta rubutu da hayaƙi. Wana ɗiya biyu ya rasa cikin wata guda, ta ukun ta rayu amma yau budurwa ce bata iya riƙe lissafin kuɗin cefane, kuma wallahi lafiya lau anka haife ta.

Sai a watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF da sunka zo bibiyar sanƙarau sunka lura da yawan sababbin kaburburan yara, anka ɗebi jini anka kai waje, sakamako ya dawo dalma ce. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da anka ƙirga, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da basu kai shekara biyar ba sun rasu cikin shekara guda. Jimilla yara sama da 400 tsakanin Anka da Bukkuyum. Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, duk sun ɗanɗana. Bagega ita ce babba kuma ita ta fi daɗewa tana jira, sai 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗi anka share ta. Bayan nan ma abin ya sake faruwa a jihar Neja a 2015, ƙaramar hukumar Rafi wajen Shikira, yara 28.

Abinda nikeso ki riƙe shi ne yadda anka yi maganin abin. Likitocin nan ƙin bada magani sunka yi a gari sai an fara kankare ƙasar gidaje. Gida gida anka bi da shebur ana ɗebe ƙasar sama ta tsakar gida da ɗakuna ana zubawa a buhu a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Mutane sun ji haushi lokacin, ga yaro ba lafiya kuna maganar ƙasa, amma sunce in an wanke jinin yaro ya koma yana wasa cikin ƙurar nan aikin banza ne. To ke ma naki zauren shi ne farkon magani. Yau ɗinnan kafin ma ki samu inda ake gwaji, ki hana yaran nan biyu bi ta wurin batiran.

Mai_Awon_Jini:

Hajiya sannu, Allah ya bashi lafiya. Ni a lab nake aiki bari inyi miki bayanin gwajin yadda yake.

Da farko ki sani gwajin jinin da akayi masa akace jini yayi ƙasa baya nuna dalma, haka na maleriya da na taifot. Gwaji ne daban kuma sai an nemeshi da sunansa. Ki samu likitan yara, in da hali a asibitin koyarwa ko babban asibitin tarayya mafi kusa dake, kuma kar ki tsaya a baya cin abinci kawai, ki faɗa masa ƙarara cewa babansa gyaran batir yake a cikin gida kuma an kama yaron da guntun dalma a baki. Wannan maganar ita zata sa likita ya rubuta BLL a takarda, wato awon yawan dalma a jini. Yawancin ƙananan lab basu da na'urar, wasu manyan masu zaman kansu suna ɗiban jinin su aika inda ake dashi sai ki jira kwanaki, don haka ki tambaya kafin a tsira wa yaro allura, ki tambayi kuɗin kuma, ki tambayi yaushe sakamako zai fito.

Hanya biyu ce. Akwai na ɗan yatsa, ɗigo kaɗan a saka a ƙaramar na'ura cikin 'yan mintuna ta bada lamba, irinta akayi amfani da ita a Zamfara kuma iyakar lambar da take nunawa 65 ce, yara da yawa a can sun wuce abinda take iya karantawa. Matsalar na yatsa in akwai ƙurar dalma a fatar yaron sai lambar ta fito sama da gaskiya, dole a wanke hannun sosai da sabulu kafin a huda, kuma in ya fito da yawa sai an tabbatar da na jijiya. Na jijiya shine tabbatacce, jini ne ɗan kaɗan bai kai ƙaramin cokali ba, kar kiji tsoro don ance jininsa yayi ƙasa. Ba sai yayi azumi ba, ki bashi abincinsa.

Lambar da za'a baki maikirogiram ce a kowace desilita ta jini. Babu wani adadin da akace lafiya lau ne a jikin yaro, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tace daga 5 zuwa sama a nemo inda dalmar ke fitowa a raba yaron da ita. Amurka tun 2021 sun sauko da tasu lambar zuwa 3.5. Maganin da ke janyo dalma daga jini ya fitar ta fitsari, wanda aka fi ba yara sunansa DMSA, galibi sai lamba ta kai 45 ake fara shi kuma a ƙarƙashin kulawar likita, ana bi ana sake gwaji. Kar wani mai kemis ko mai maganin gargajiya ya sayar miki da wani abu da sunan wankin jini.

Tambayarki ko tana fita. A jini tana raguwa, kamar wata guda rabinta ke barin jini in an daina shiga da sabuwa, amma wata tana komawa cikin ƙashi da haƙori ta zauna shekaru tana ɗan tsattsafowa, shiyasa gwaji ɗaya baya isa. Kuma abinda ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa magani baya maido shi, bazan ɓoye miki ba. Amma yaro ɗan shekara biyu da rabi ƙwaƙwalwarsa tana kan girma, raba shi da ita yanzu ba ƙaramin abu bane. Sannan ki haɗa da yayarsa a gwajin ko da kinga garau take, yawancin yaran da ke ɗauke da ita ba'a ganin komai a jikinsu, sai an sa su makaranta aga basa ɗaukan karatu a ce dakikai ne ayi ta duka. Rahoton UNICEF na 2020 cewa yayi kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya lambarsa ta kai 5 ko ta wuce. In kina da ciki ko kina shayarwa ke ma ki faɗa wa likita, tana ratsawa zuwa ga ɗan tayi.

In kinga jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko bacci mai nauyi da ba'a iya tada shi, ko tafiya yana tangaɗi, kar ki jira wani sakamako, a tafi asibiti a daren.

Hajiya_Babba55:

Allah ya ba yaro lafiya. Maganar batir na yarda, amma don Allah ku bar kwalli ya huta. Mu da kwalli aka raine mu, iyayenmu da kakanninmu duk dashi, ni na haifi tara duk ranar suna da kwallinsu rangaɗau ba wanda ya samu komai. Kuma saka tozali sunna ce. Yanzu komai namu na gargajiya sai ace guba ne.

Nas_Mai_Jego:

Hajiya Babba Allah ya ƙara girma, ba wanda yake ja da sunna wallahi, nima ina sakawa. Abin dubawa shine wane dutse ne a cikin tandun. Ismidi, dutsen kwallin da aka ambata a hadisi, daban, shi kuma dutsen nan mai ƙyalli kamar azurfa da ake saidawa a kasuwanninmu a niƙa ya zama kwalli, mafi yawansa dutsen dalma ne tsantsa, shine ma ainihin dutsen da ake narkawa a fitar da dalma. Da ido ba'a banbance su, mai saidawa ma bai sani ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka wato CDC ta bada rahoton wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya ne a Boston, aka samu lambarsa 13, da aka bincika gidan kaf ba'a samu komai ba sai kwallin da aka kawo daga gida, aka auna shi sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ne. Ba ta ido take shiga sosai ba, jariri ne zai murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yana gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Wasu ma har a cibiya suke barbaɗawa, wannan kam don Allah a daina. Kuma Hajiya tara ɗinki Allah ya raya su, amma irin wannan ƙaramin adadin baya kwantar da yaro, ɗan abinda yake ragewa a kaifin ƙwaƙwalwa ne wanda ba mai iya gani. Babba in yaso ya saka abinsa, jarirai ne nake roƙo a ɗaga musu ƙafa.

Uwar Biyu ke kuma ga abinda zaki iya tun yau ba sai da kuɗi ba. Ki daina share zauren nan da tsintsiya a bushe, ƙurar kike tayarwa ta shiga ɗaki ta sauka kan kwanuka, ki yayyafa ruwa ki goge da tsumma, tsumman kuma kar ya shiga wani aiki, ruwan a zubar nesa da inda yara ke wasa. In zauren ƙasa ne ba siminti ba to sai an kankare saman an fitar kamar yadda Dan Anka ya faɗa. Wanke hannu da sabulu kafin cin komai, ba abinci kaɗai ba har rake da gyaɗa, a yanke masa farce, tabarmar da yake ci a kai a dinga kakkaɓewa a waje ana wankewa. Yaro jikinsa yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar akan na babba, kuma cikin da ba komai ya fi zuƙa, don haka kar ya fita wasa da safe bai karya ba. Ƙarancin jinin nan ma yana ƙara buɗe mata hanya kuma shi ke sa yara cin ƙasa, ki cigaba da maganin ƙarin jinin yadda likita yace, ki haɗa da hanta, wake, ƙwai, zogale, alayyafo, kindirmo, ƙananan kifi, da ɗan lemo ko gwaiba bayan abinci. Abinci baya fitar da wadda ta shiga, rage shigar sabuwa yake.

Wani abu da mutane basa kawowa a rai, tukwanen nan da ake zubawa da narkakken tarkacen gwangwani da kayan inji, wanda muke cewa tukunyar dalma. Asali alminiyom ne amma in tarkacen da aka narka akwai dalma a ciki tana fita a girki, anyi bincike a Kamaru an gani, musamman abu mai tsami irin tumatir da tsamiya da yakuwa. Kar ki bar miya ko kunun tsamiya ya kwana a ciki, na yaran in da hali ki koma silba mai kyau. Sai tsohon fenti mai ɓarewa a ƙofa da taga, yara suna ɓantara suna ci. Tafasa ruwa kuma baya kashe dalma, ba ƙwayar cuta bace.

Injiniya_Batir:

'Yar uwa ni sana'ar mijinki nake, shekara goma sha shida, kuma zan faɗi gaskiya ko akan kaina ne. Mu a wajen aiki abinda muke tsoro ruwan batir ne don shi ke ƙona hannu ya cinye wando, dalmar kuwa ba wanda ya ɗauketa komai, da hannu muke fasa faranti, mu narka ta a gwangwani akan gawayi mu zuba kan batir, hayaƙin na shiga hanci, in an gama a aiki yaro ya siyo madarar gwangwani a sha wai tana kashe guba. Oganmu haka ya koya mana. Ba abinda madara ko manja suke fitarwa, na sha na shekaru ina fama da ciwon ciki da ciwon kai da saurin fushi har sai da wani likita ya tambayeni aikina.

Abinda na canza ba wani mai tsada bane. Kayan aiki da takalmin aiki a shago suke kwana, ina da bokiti da sabulu a can, sai nayi wanka na sa wasu kaya nake shiga gida, don da ina dawowa yarana ke rugowa su maƙale min a wuya fuskarsu cikin rigar nan mai ƙura, in na tuna har yanzu raina ɓaci yake. Wankin kayan aikin ni nake yi a can, ba'a haɗawa da na gida. Na daina ci da shan shayi a kan teburin aiki. Narka dalma na daina yi kusa da gida sam, matattun batira kuma bana fasa su, yadda suke nake saida su.

Maganar yadda zaki faɗa masa, shawarata kar ki fara da sana'arka ce ta jawo. Ki bari ya ci abinci ya huta kice likita zaki kai yaro kinaso ku tafi tare, yaji daga bakin likita da kunnensa. Mu maza in mace ta faɗa sai muce tsoro ne, in munga lamba a takarda jikinmu mutuwa yake. Kuma shi ma a gwada shi, wataƙila ya fi kowa a gidan. Ba cewa akayi ya bar aikin ba, ƙofar nan ce ta tsakanin shago da zaure za'a toshe da bulo, batira su bar gidan.

Uwar_Biyu:

Nagode ƙwarai Allah ya saka muku da alkhairi, Baba Dan Anka Allah ya jiƙan yaran ya ba mai rai lafiya, nayi kuka da na karanta. Jiya da daddare na miƙa wa maigida wayar ya karanta da kansa, da yazo kan na Injiniya shiru yayi ya daɗe, sai yace shima madarar yake sha. Yau da asuba shi da yaran shagonsa suka kwashe batiran kaf daga zaure, guda ashirin da uku na ƙirga, inda suka tashi ƙasan yayi fari fat kamar an zuba toka. Na yayyafa ruwa na rufe da tsohon buhu na ja ƙofa, yaran ta ƙofar baya suke fita yanzu. Yace ranar Asabar zai kira magini.

Munje wajen likitan yara ɗazu ya rubuta gwajin ga su biyun da shi baban, gobe za'a ɗibi jinin a aika. Kwallin ne ban san yadda zanyi da Hajiyarsa ba, ita ke musu wanka da yamma kuma tandun a ɗakinta yake, shi yace in bar masa zai mata magana da kansa. Malam Mai Awon Jini tambaya ɗaya, ƙasar zauren da za'a kankare ina ya kamata a kaita, don maginin cewa zaiyi a watsa a bayan gida kuma nan ne yaran maƙota ke wasan ƙasa.

Mai_Awon_Jini:

A'a Hajiya kar a watsa a bayan gida ko a bola ko kwata, kuma kar a kai gona. A jiƙa ƙasar tukunna don kar tayi ƙura, a zuba a buhuna masu leda a ciki a ɗaure baki, masu aikin su rufe hanci su wanke jikinsu kafin su tafi gidajensu, yara da mai ciki su bar gidan ranar. Ku tuntuɓi ma'aikatan muhalli na ƙaramar hukumarku ko ofishin NESREA na jiha, wato hukumar kare muhalli ta ƙasa, su nuna inda za'a binne nesa da rijiya. Bayan an kwashe a zuba sabuwar ƙasa a dafe da siminti. Gobe kafin ku fita kiyi wa yaran wanka da sabulu ki sa musu kayan da basu taɓa zauren ba, in sakamakon ya fito ki rubuto mana lambobin ukun da ranar da aka ɗibi jinin.